Sitikar i7 Ba Ta Aiki

Wata Asabar da hantsi ina zaune a shagon wani mai gyaran kwamfuta a titin Beirut da ke Kano, sai ga wani dattijo ya yi sallama, ɗansa na biye da shi rungume da akwatin kwamfutar tebur. Asalinta baƙa ce, amma ƙura ta mai da ita ruwan ƙasa. Da aka gama gaisawa, dattijon ya nuna ta da baki ya ce, "Malam, abar nan ta ishe mu. In aka kunna ta, sai mutum ya je ya yi alwala, ya idar da salla, ya dawo ba ta gama farkawa ba. Yaran nan sun ce a cire abin da ke cikinta a sa mata Core i7."

"Baba, wane i7 ɗin?" in ji mai gyara.

"Au, iri-iri ne? To, mai ƙarfin."

Saurayin ya kwance murfi, ya leƙa, ya hure ƙura, ya kunna ta ya ɗan daddanna. Can ya ɗago ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwarta lafiya ƙalau take. Ba a nan ciwon yake ba. Ko rabin kuɗin da kuka tanada ba za a kashe ba za ta tashi." Na zaci dattijo zai yi murna. Ina! Sai ya ɓata fuska kamar an raina masa aljihu. Da niyyar sayen i7 ya baro gida, ga shi ana neman a sallame shi da wani abin da bai taɓa jin sunansa ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Je ka Farm Centre, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka tsaya ka kasa kunne. Tambayar farko da mai saye yake yi, sau da yawa ma ita ce ta ƙarshe, ita ce: "Core i nawa ce?" In aka ce i7, an gama ciniki a zuci, saura na baki. In aka ce i3, sai a taɓe baki a yi gaba. Uban da zai saya wa 'yarsa laftof za ta shiga jami'a, da ma'aikacin da ke son tayar da ta gida don yara su riƙa gwada jarrabawar JAMB, da mai shagon buga takardu, duk 'yar sitikar nan da aka manna kusa da madannai suke kallo. Ni a ganina wannan ɗabi'a tana cinye mana kuɗi a banza, a zamanin da kayan kwamfuta ke bin dala, dala kuwa ta yi mana nisa tun daga 2023. Kuma in ana maganar tsohuwar kwamfutar gida, firosesa, wato ƙwaƙwalwar da sitikar nan ke ɗauke da sunanta, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

1. Suna ɗaya, haihuwa daban-daban

Kamfanin Intel ya fara fitar da Core i7 a ƙarshen 2008, i5 ya biyo baya a 2009, i3 kuma a 2010. Tun daga nan kusan kowace shekara sai an yi sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma kowane zubi da nasa i3 da i5 da i7. Sai da aka kai zubi na 14 kafin kamfanin ya koma wa sabon suna, Core Ultra. Ke nan lambobin nan 3 da 5 da 7 matsayi suke nunawa tsakanin 'yan zubi guda. A cikin 'yan 2012, i7 ne babba, babu gardama. Amma lambar ba ta ce komai ba a kan yadda ɗan 2012 zai kwashe da ɗan 2022.

Ga misali. Core i7-3770 ya fito a 2012 da ƙwaya huɗu, wato sassa huɗu a cikinsa waɗanda kowannensu zai iya ɗaukar aiki shi kaɗai. A lokacinsa sarki ne. Core i3-12100 ya fito a 2022, shi ma ƙwaya huɗu, kuma duk wani aiki da za a ba su, ƙaramin sai ya yi wa babban fintinkau. Amma ka ajiye su biyu a kan kanta, ka manna wa kowanne sitikarsa, ka ga wanda jama'a za su yi wa layi.

A laftof abin ya fi muni, domin nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Yawancin laftof ɗin ofis da ake shigo mana da su na hannu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, in 'yan zubi na 7 ne ko ƙasa da haka, i7 ɗinsu ƙwaya biyu ce kacal, daidai da i5 ɗinsu. Bambancin ɗan ƙarin gudu ne wanda mai buga wasiƙa ba zai taɓa lura da shi ba. Core i7-7500U na 2016 ƙwaya biyu gare shi. Core i5-8250U, wanda ya fito bayan shekara ɗaya tak, ƙwaya huɗu. Wanda ya ƙara kuɗi ya ɗauki na farko saboda ya ga 7, ya bar na biyu saboda ya ga 5, ya biya tsada ya ɗauki rago.

Gane zubi ba wani ilimin boko mai zurfi ba ne. Bayan i5 ko i7 akwai 'yar karan ɗori, sai lambobi. Lambar farko ita ce zubin: 3320M zubi na 3 ne, 6300U na 6, 8250U na 8. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, kamar 10210U ko 1135G7. In ka ga lambobi uku kawai, irin i7-620M, to wannan ɗan fari ne, na 2010, ka yi masa kallon girmamawa ka wuce. Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin mai tsimin wuta, wanda aka tsara a kan wat 15 don batir ya daɗe. H na laftof ne mai ƙarfi, wat 45, mai zafi da shan batir. T na ƙananan kwamfutocin tebur ne, wat 35. F kuwa ba shi da sashen nuna hoto a cikinsa, sai an saya masa katin hoto daban, in ba haka ba allo ba zai kawo komai ba.

Sitika kuwa takarda ce da gam. Ana ɓare ta, ana manna ta. Hatta sunan da Windows ke nunawa a shafin bayanin kwamfuta, ɓata-gari na iya sauya shi. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna CPU-Z da ke karanto sunan daga jikin firosesan kansa, haka ma shafin BIOS da ake shiga kafin Windows ta tashi. Gani ya kori ji. Ɗan kasuwa na gari, kuma suna da yawa, ba zai hana ka dubawa ba, ba kuma zai ƙi rubuta maka cikakkiyar lambar a rasit ba. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

2. Gigahaz ma ba hujja ba ce

Waɗanda suka ɗan waye sukan tsallake sitika su tambayi gigahaz nawa. Wannan ma tsohon tarko ne. A 2004 Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8, yana zuƙar wuta wat 115 yana huci. A 2006 Intel ɗin da kansa ya fitar da Core 2 Duo E6600 mai gigahaz 2.4 da wat 65, ya kuma kayar da shi warwas. Tun kafin nan Athlon 64 na kamfanin AMD ya nuna haka a 2003. Gigahaz yawan bugawa ne a daƙiƙa guda, bai faɗi yawan aikin da ake gamawa a kowace bugawa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai firosesa biyu 'yan zubi ɗaya ne ake auna su da wannan ma'auni.

3. Ina ciwon yake?

A ɗauka firosesa tela ne mai saurin hannu. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi a kai. Faifan ajiya kuma sito ne a can ƙarshen kasuwa, yaron shago ke zuwa ɗauko kaya. In teburin ƙarami ne, yaron kuma mai nawa, to telan wuni zai yi yana jira. Ka sallame shi ka kawo wanda ya fi shi suna, shi ma hamma zai zauna yana yi.

Wannan shi ne halin da mafi yawan tsofaffin kwamfutocinmu ke ciki. Faifan da ke cikinsu, wanda masu gyara ke kira hadisk, ƙarfe ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da 'yar allura da ke kai da komo tana neman inda aka ajiye abu. Kowane nema yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Za a ce ai ba yawa. To amma kafin Windows ta gama tashi sai ta nemi dubban ƙananan fayiloli, ɗaya bayan ɗaya. Sabon nau'in faifan da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, kuma wajen nemo ƙaramin fayil yakan ninka hadisk sauri kusan sau ɗari. Wajen kwasar babban fayil, hadisk kan yi wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuma wajen 500. Kusan duk kwamfutar da ta zo da hadisk cikin shekara goma sha biyar ɗin nan tana da mahaɗin SATA da za a soka shi, ta tebur ce ko laftof. Babu wani gyara da ake yi wa tsohuwar kwamfuta da mai ita zai ji bambancinsa nan take kamar wannan. Mai gigabait 256 ya ishi gida, tsohon faifan kuma a bar shi a gefe ya zama ma'ajiyar hotuna da finafinai.

Ba sai ka yarda da ni ba. Kunna kwamfutarka, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Wani shafi zai buɗe mai nuna yadda kowane sashe yake wahala. Sannan ka yi aikin da ka saba. In ka ga faifai ya maƙale a kashi 100 alhali firosesa yana lilo a kashi 15 ko 20, ka gano mai laifi. In kuwa RAM ne ya cika maƙil, shi ma ya tona kansa.

RAM gigabait 4 a yau ƙunci ne. Windows kaɗai ta kwashe fiye da rabi, a buɗe Chrome da shafi biyar ko shida, shi ke nan an fara numfashi sama-sama. Gigabait 8 ya wadatar da aikin gida da na makaranta. Sai dai a kula, RAM ma jinsi-jinsi ne. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, tsagar jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba, kuma laftof 'yan zubi na 4 da na 5 irin DDR3L mai ƙaramar wuta suke so. Haka nan in Windows ɗin da ke kan kwamfutar mai bit 32 ce, ko gigabait 16 aka zuba mata ba za ta ga abin da ya haura 4 ba, sai an sauke mata mai bit 64.

Sai ƙura, wadda ita ce tamu ta gado. Waɗanda suka ƙera kwamfutocin nan ofisoshin Turai da Amurka masu na'urar sanyaya ɗaki suka yi wa lissafi. Mu kuwa hunturu ya cusa musu ƙura wata uku, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram. An gina firosesa ne a kan ya kare kansa: da zarar zafinsa ya doshi digiri 100, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Don haka kwamfutar da fankarta ta toshe, man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke sanyaya shi kuma ya bushe ya zama garin alli, za ta riƙa jan ƙafa ko da wane irin i7 ne a cikinta. A hure ta, a goge tsohon man a shafa sabo. Masu ɗora laftof a kan katifa ko filo suna kallon fim kuma, ku kuke toshe mata hanci da hannunku.

Ban ma tsaya kan tarkacen manhajoji ba: riga-kafin bairos har biyu ko uku suna kokawa da juna, da manhajojin sata da aka loda a shago waɗanda ba wanda ya san abin da suka shigo da shi. Wani kuma intanet ɗinsa ce ba ta da ƙarfi, yake zagin kwamfuta.

4. In lallai sai an canja shi

Wani lokaci firosesan ne da gaske ya gaza. A nan ma akwai abin da za a sani kafin a zaro kuɗi.

In laftof ce, a mafi yawan lokuta maganar ta mutu tun ba a fara ba. Daga zubi na 5 zuwa yau, kusan duk firosesan laftof narke shi ake yi da dalma a jikin bod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke zaune a kai, ba a cire shi. Duk wanda ya ce zai mai da maka EliteBook ɗinka daga i5 zuwa i7, ko dai bod ɗin gaba ɗaya zai canja, ko sitika.

Ta tebur ita ce ke karɓar canji, amma iya 'yan gidanta. Kowane bod yana da soket, wato mazaunin firosesa, kuma Intel ya saba sauya shi bayan kowane zubi biyu. LGA1155 na zubi na 2 da na 3 ne. LGA1150 na 4 da na 5. LGA1200 na 10 da na 11. LGA1700 na 12 zuwa 14. Akwai wani mugun rami a LGA1151: 'yan zubi na 6 da na 7 suna zama a kansa, 'yan na 8 da na 9 ma sunan soket ɗinsu ke nan, firosesan zai shiga ya zauna daram, amma kwamfuta ba za ta tashi ba, domin bod ɗin daban ne. Mutane da yawa sun yi asara a nan.

Inda canji ke da riba shi ne daga ƙasa zuwa tsakiya. Dell OptiPlex 7010 da ta zo da i3-3220 mai ƙwaya biyu, a sa mata i5-3470 mai ƙwaya huɗu, an ninka mata hannu da kuɗi kaɗan, domin irin waɗannan i5 ɗin sun cika kasuwa, ofisoshin duniya sun zubar da su da yawa. Amma daga i5 zuwa i7 na soket guda, nan ne kwaɗayi ke zama mabuɗin wahala. Babban firosesan kowane tsohon soket ba ya araha, saboda an daina ƙera shi, kuma duk mai irin wannan bod ɗin shi yake hari. Sai ka biya ninki biyu ko fiye a kan ƙarin da ba zai kai rubu'i ba a aikin yau da kullum.

A wannan fanni AMD ya fi kyauta wa talaka. Soket ɗinsa AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga na farko a 2017 har zuwa jerin 5000 da suka fara fita a 2020, kuma da yawa daga bod ɗin farko suna karɓar na baya-bayan in an sabunta musu BIOS. Wanda ya haɗa kwamfuta da Ryzen 3 a wancan lokaci zai iya ɗora Ryzen 5 5600 a yau ba tare da ya taɓa bod ko RAM ba.

5. Yadda ake auna tsada da aiki

Tsohon labari ne cewa na tsakiya ya fi riba. A 2011 Intel ya fitar da i5-2500K a kan dala 216, da i7-2600K a kan dala 317. Dukansu ƙwaya huɗu, ɗaya gigahaz 3.3, ɗaya 3.4. Ƙarin dala ɗarin nan abin da ya saya shi ne dabarar da ke sa kowace ƙwaya ta riƙe aiki biyu a lokaci guda, wadda ke amfanar mai tace bidiyo, amma ba ta tsinana wa mai Word da Excel komai. Waɗanda suka sayi i5 ɗin sun more shi shekara da shekaru.

Abin da ya girgiza kasuwa ya faru ne a 2017. Shekaru da dama Intel yana sayar wa jama'a ƙwaya huɗu, duk shekara a ɗan ƙara gudu, domin babu mai ƙure shi. Sai AMD, a ƙarƙashin Lisa Su wadda ta karɓi ragamar kamfanin a 2014, ya fito da Ryzen 7 1800X mai ƙwaya takwas a kan dala 499, alhali mai ƙwaya takwas na Intel, i7-6900K, ya haura dala 1,000. Kafin shekarar ta ƙare, Intel ya fitar da zubi na 8: i3 ya koma ƙwaya huɗu, i5 da i7 na tebur suka koma shida. Shi ya sa tsakanin zubi na 7 da na 8 akwai rata mai faɗi da babu irinta tsakanin na 6 da na 7, kuma shi ya sa nake cewa mai sayen ta hannu ya sa wannan iyakar a ransa.

A kasuwanninmu har yanzu ana gudun AMD. "Yana zafi," in ji su. Maganar tana da asali: akwai tsofaffin laftof masu araha da suka gasa wa mutane cinya, kuma FX-9590 na 2013 wat 220 yake ci. Amma wannan kafin Ryzen ne. Tsoron da ya rage ya zama garaɓasa ga wanda ya sani, domin sau da yawa za ka tarar laftof mai Ryzen 5 ta fi takwararta mai Core i5 sauƙin kuɗi a kanta ɗaya, ba don ta gaza ta ba.

Akwai kuma masu cewa su sabuwa dal suke so, a kwali. Ba laifi, amma a duba cikin kwalin. Sababbin laftof masu arahar nan galibi Celeron ne a cikinsu, irin N4020 mai ƙwaya biyu, da RAM gigabait 4 da aka narke ba a ƙarawa, da 'yar ma'ajiya gigabait 64. ThinkPad ta hannu mai i5 zubi na 8 ta fi ta ta kowace fuska in ban da ƙyalli. Araha ba ta ado.

Hanyar lissafin ba ta da wuya. Shafin PassMark a intanet yana ba kowane firosesa maki iri biyu: na ƙwaya ɗaya, da na dukkan ƙwayoyi in sun haɗu. Mai rubutu da lissafi da shiga intanet makin farko ya fi shafa. Mai tace finafinan Kannywood ko bidiyon biki, da mai haɗa sauti a situdiyo, da ɗalibin zanen gine-gine, su na biyun ya dama, kuma su kam in sun sayi i7 ko Ryzen 7 na zamani ba almubazzaranci suka yi ba, jari suka zuba. Sai ka ɗauki makin ka raba da kuɗin. Amma kuɗin duka, ba na firosesa kaɗai ba. In sabon firosesa zai ja maka sabon bod, bod ya ja sabon RAM, wataƙila da sabon akwatin wuta, to ba gyara kake yi ba, sabuwar kwamfuta kake haɗawa a cikin tsohon kwano, kuma da wannan jimillar za ka gwada.

6. Kuɗin da ba a gani a rasit

Mai sharhin kwamfuta a Landan ba ya damuwa da kuɗin wuta sosai, mu kuwa dole ne. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wuta na 'yan rukunin A naira 225 a kowane yunit. Mu yi lissafi da wannan. Tsohuwar kwamfutar tebur da ke jan wat 100, in tana aiki awa takwas kullum, yunit 24 ke nan a wata, naira 5,400. Wadda ke jan wat 30 kuwa yunit 7.2 ne, naira 1,620. A shekara bambancin ya haura naira 45,000. Wanda ke kan janareta ya san nasa lissafin ya fi wannan ɗaci. Mai sola da inbata kuma a batir zai gani, lokacin da fanka ta tsaya da tsakar dare.

Saboda haka ne nake ganin ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan da ba su wuce girman littafi ba, irin OptiPlex Micro da EliteDesk Mini da ThinkCentre Tiny, sun fi dacewa da gidajenmu fiye da manyan akwatunan da muke ɗauka su ne masu ƙarfi. Wadda ke da i5-8500T ƙwaya shida gare ta, da 'yar caja irin ta laftof take aiki, ƙaramin inbata ma ya riƙe ta. Mutane na raina su saboda ƙanƙanta. Wannan ma sitikar ce ta wata fuskar.

7. Katangar Windows 11

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma ɓarakar tsaro da aka gano daga baya ba mai toshe ta. Windows 11 kuma, wadda ta fito a 2021, tana da sharaɗi: sai guntun tsaro na TPM 2.0, sai kuma firosesan Intel daga zubi na 8, ko Ryzen daga jerin 2000, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. Ma'ana i7-7700 yana waje, i3-8100 yana ciki. Masu gyara sun iya tsallake wannan shinge, suna kuma yi kullum, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba.

Wannan ya sauya lissafin gyara. Tsohuwar da ke zubi na 3 ko na 4, a kashe mata kuɗin SSD da RAM, ta cancanta, kuma SSD ɗin zai bi ka zuwa kwamfutar gaba. Amma a zuba mata kuɗin i7, a'a. In aikinta rubutu ne da intanet da karatun yara, Linux Mint ko Ubuntu kyauta suke, ana sabunta su, ba su da nauyi, kuma yaran da suka saba da wayar Android ba sa daɗewa ba su gane kansu ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Iyaye ne dai ke tsorata in ba su ga tambarin da suka saba gani ba.

8. Ranar haƙura

Akwai wadda ta gama nata. Pentium 4, ko Core 2 Duo mai RAM DDR2 wanda samunsa ma yanzu aiki ne, ko bod ɗin da ƙananan gwangwanayensa suka kumbura suna tsiyaya, kada a wahalar da aljihu. A sayar wa masu gyara su ciri abin da zai yi amfani, ko a ba 'yan jari-bola.

Amma kafin ta fita daga gida, a kwance hadisk ɗin. A cikinsa akwai hotunan iyali, da takardun fili da aka ɗauki hotonsu, da lambobin sirri da Chrome ya adana, da wasiƙun ofis. Sharewa da aka saba yi ba ta goge su, ko an yi fomatin na gaggawa akwai manhajojin da ke dawo da su, kuma duk yaron shago ya san su. Ko dai a saya masa ɗan gida mai wayar USB ya zama ma'ajiyar tafi-da-gidanka, ko a kwashe abin da ke ciki sannan a huda shi da ƙusa a wuri uku ko huɗu kafin a jefa shi a buhun mai jari-bola.